Dunƙule hanyoyi a mahaɗar OSPF da EIGRP

Kamfanin da nake kula da netwok ɗinsa a Kano ya sayi wani kamfanin rarraba kaya mai defo-defo a Katsina, Gusau, Sakkwato da wasu garuruwan da ke tsakani. Manya sun gama cinikinsu a takarda, sauran aikin ya faɗo kanmu: kwamfutar da ke defon Gusau ta riƙa ganin sabar lissafi ta hedikwata, mu ma mu riƙa ganin tasu.

Rautocinmu, wato na'urorin da ke nuna wa bayanai hanya a netwok, duk Cisco ne, kuma da EIGRP suke sanar da juna hanyoyi. Nasu gauraye ne, mafi yawa MikroTik, wadda ba ta yin EIGRP sam, don haka wani tsarin sanar da hanyoyi mai suna OSPF suke yi. Cisco ta fitar da bayanin EIGRP ga kowa a RFC 7868 a shekarar 2016, amma kamfanoni kaɗan ne suka ɗauka. Mayar da ɓangare ɗaya kan tsarin ɗayan aiki ne mai tsawo, kuma kasuwanci ba zai jira mu ba. Sai muka ware rauta biyu a bakin iyaka, ɗaya a Kano ɗaya a Kaduna, kowacce tana yin furotokol ɗin biyu, tana kwasar hanyoyin nan ta juye can, ta kwaso na can ta juye nan.

Juyewar kanta ba ta da wahala, in dai an kiyaye abu biyu. EIGRP ba ya karɓar hanyar da ta fito daga OSPF sai an yanka mata awo na farawa, wanda da shi ake kwatanta kyawun hanya, wato lambobi biyar ɗin nan irin 100000 100 255 1 1500. In ba a sa ba, babu gargaɗi babu komai, hanyar ba za ta shiga ba kawai. OSPF kuwa shi da kansa yake ba baƙuwar hanya awo 20, amma a tsofaffin IOS, manhajar rautocin Cisco, in ba ka ƙara kalmar subnets a umarnin ba, zai tsallake duk ƙananan sabnet ɗinka, wato rukunonin adireshi. Muka sa su, saƙon gwaji na ping ya wuce, oga ya ji daɗi.

Abin da ya biyo baya shi ne surutu. Defo-defon nan da janareta suke aiki rabin yini, wasu kuma ta rediyon da ke kan hasumiya suke haɗuwa da mu. A ɗauke wuta, rauta ta mutu, a ta da inji, ta dawo. Hadari ya taso, rediyo ya yanke. Duk lokacin da sabnet ɗaya ta ɓace a can, rautar iyaka sai ta janye ta daga EIGRP, shi kuma EIGRP in ya rasa hanya ba shi da wata a ajiye, tambayar maƙwabta yake yi, su ma su tambayi nasu, har tambayar ta kai rassanmu da ba su da ko alaƙa da Gusau. In wani reshe mai raunin layi ya yi jinkirin amsa har minti 3, ana iya yanke zumunci da shi, sai matsalar wutar wani gari ta zama katsewar wani garin daban. A ɗaya ɓangaren ma haka: kowace sabnet tamu tana shiga OSPF a matsayin saƙon sanarwa da ake kira LSA nau'i na 5, irin wanda ake bazawa ko'ina ban da yankunan OSPF da aka rufe, don haka ƙaramar MikroTik da ke Sakkwato tana samun labarin duk wani reshenmu da ya kife.

Maganin a bayyane yake: a daina aika sabnet ɗaya-ɗaya, a dunƙule su a bakin ƙofa. Amma kafin na taɓa ko rauta ɗaya, sai da na zauna da jerin adireshin ɓangarorin biyu, kuma a nan aka fi cin lokaci. Nasu sun zo da sauƙi: daga 172.16.0.0/24 zuwa 172.16.15.0/24, guda 16 a jere, sun shiga cikin 172.16.0.0/20 cif. Namu suna tsakanin 10.20.0.0 da 10.20.31.0, wato 10.20.0.0/19, da 'yan guraben da ba a yi amfani da su ba. Sai ga wani defo nasu da wani ma'aikaci ya taɓa ba shi 10.20.9.0/24, a tsakiyar filinmu. Sa'ar da muka ci ita ce mu ba mu taɓa amfani da wannan lambar ba. Rauta kullum hanyar da ta fi tsawon maski, wato wadda lambar bayan alamar / ta fi girma, take bi, don haka /24 za ta rinjayi /19, defon zai ci gaba da aiki muddin na bar hanyarsa ta wuce ita kaɗai ba a dunƙule ba. Na rubuta ta a gefe.

Furotokol ɗin biyu ba wuri ɗaya suke dunƙulewa ba, kuma mutane da yawa a nan suke ruɗewa. A OSPF, hanyoyin da aka juyo daga waje ana dunƙule su ne da summary-address, a kan rautar da ta yi juyewar. Umarnin area range na hanyoyin cikin gida ne tsakanin yanki da yanki, ba ya taɓa baƙi. Da zarar LSA nau'i na 5 ya fita, babu wata rauta a tsakiya da za ta iya matse shi. EIGRP kuwa a kan kowace kafa ta rauta, wato mashigar layi, ake yi, da ip summary-address eigrp, kuma sai ka bi duk kafafun da ke kallon cikin gida. Ka manta da ɗaya, ƙananan hanyoyin za su zuba ta nan, kuma tunda sun fi tsawon maski, duk zirga-zirga za ta koma ta wannan kafar.

Na gina tsarin gaba ɗaya a manhajar gwaji ta GNS3 kafin a kai shi kan na'urorin gaske, kuma a nan na ga abin da ya sa nake wannan rubutun.

Akwai wata kariya da ke zuwa kyauta tsakanin EIGRP da OSPF, ta hanyar lambar da Cisco ke auna amincin tushen hanya da ita, wadda muke kira AD, ƙarama ita ke cin nasara. Hanyar cikin gida ta EIGRP 90 ce, ta OSPF 110, hanyar da aka juyo cikin EIGRP daga waje kuma 170. Saboda haka rautar Kaduna in ta ji labarin sabnet ɗinmu daga EIGRP da kuma kwafinta da ya zagayo ta OSPF, ta asali za ta ɗauka, 90 ta doke 110. In ta ji ta defo daga OSPF da kwafinta ta EIGRP, 110 ta doke 170. A kan wannan na ƙara tambari: duk hanyar da aka juye daga OSPF a buga mata lamba, a can Kaduna kuma matacin hanyoyi da ake kira route-map ya hana duk mai wannan lambar komawa inda ta fito. Tsari ne da kowa ke koyarwa, kuma yana aiki sarai ga hanyoyi ɗaya-ɗaya.

Da na kunna dunƙulewa a rautar Kano ta gwaji, na leƙa teburin Kaduna. Ga 172.16.0.0/20 nan, amma da harafin D kawai na 'yar gida, ba D EX na baƙuwa ba, da AD 90, kuma babu tambari. Dunƙulalliyar hanya ba ɗaya ce daga cikin 16 ɗin nan da aka faɗaɗa ba. Sabuwar hanya ce da rautar Kano ta ƙirƙira da kanta, don haka EIGRP yana ɗaukarta 'yar gida, ko da kuwa duk abin da ke cikinta baƙi ne. Ba ta gaji matsayinsu ba, ba ta gaji tambarinsu ba. Route-map ɗin Kaduna ya duba, bai ga lamba ba, ya buɗe mata ƙofa, sai ga ta cikin OSPF tana shelar cewa duk adireshin defo-defo ta Kaduna ake zuwa.

Muddin kowane defo yana raye, ba za ka lura ba, domin ƙananan hanyoyi na gaskiya suna rinjaye. Na kashe Gusau a gwajin, na bi sawun fakiti, wato ƙunshin bayani, da traceroute daga Katsina. Maimakon fakitin ya mutu nan kusa, sai ya bi /20 ɗin ya gangara Kaduna, ya tsallaka cikin EIGRP, ya hauro Kano, a nan aka jefar da shi. A layukan da muke biya da tsada, kuma manhajar lissafi ba ta gajiya da sake gwadawa, wannan asara ce ta gaske, ga kuma ruɗin da zai jefa duk wanda ya zo neman matsala da dare. Ko da aka sa wa Kaduna tata dunƙulewar, layin yana nan a teburinta da harafin D, don haka tambari kaɗai ba abin dogaro ba ne a wannan ɓangaren. Na rubuta prefix-list, wato jerin hanyoyin da aka yarda ko aka hana, mai kiran 172.16.0.0/20 da sunanta, da duk abin da ke ƙarƙashinta, na hana shi shiga OSPF a rautocin biyu. A ɗaya ɓangaren abin ya fi sauƙi, domin summary-address na OSPF yana ba ka damar buga wa dunƙulalliyar hanyar tambari kai tsaye. Duk da haka na sa mata prefix-list ita ma. Tun daga lokacin, a bakin iyaka jerin abin da aka yarda ya wuce nake rubutawa, sauran duka a rufe.

Inda aka jefar da fakitin nan a Kano shi ne Null0, wato kwandon sharar rauta. Duk rautar Cisco da ta dunƙule hanyoyi tana saka wa kanta layi mai nuna dunƙulen zuwa Null0, a EIGRP da AD 5. Wani abokin aiki da ya gani ya ce, "Injiniya, wannan ba shi ne zai riƙa cinye mana fakiti ba? Mu cire shi mana." Na nuna masa abin da zai faru in babu shi. Rautar Kano tana da hanyar fita intanet da ke nuni zuwa tsakiyar netwok ɗinmu. Fakitin Gusau ya iso, Gusau ba ta nan, sai ta tura shi tsakiya. Tsakiya ta duba, ta ga /20 tana nuna Kano, ta maido shi. Haka za su yi ta jifan juna da shi har TTL ɗinsa, wato adadin takun da aka yanka masa, ya ƙare. Null0 abin da ba shi da wurin zuwa kawai yake ci.

Sai dai akwai lokacin da yake cin abin da ke da wurin zuwa, kuma wannan ne haɗarin da na fi jin tsoro. Rauta tana ci gaba da shelar dunƙulen muddin ko sabnet ɗaya daga cikinsa tana raye a teburinta. Kamar ɗan kamasho ne a tasha da ke kiran "Sakkwato! Sakkwato!": bai lissafa garuruwan hanya ba, kuma ba zai fasa kira ba don gadar shiga ɗaya daga cikinsu ta karye. A ce masu aikin titi sun tsinke faiba, abin da ba baƙo ba ne a wajenmu, Kano ta rasa Gusau da Sakkwato amma tana ganin Katsina. Kaduna na iya kaiwa Gusau lafiya lau, amma rassan da suka fi kusa da Kano ba su sani ba, domin mun ɓoye musu bayanin da hannunmu. Za su kawo kayansu Kano, Null0 ya haɗiye. Kafin dunƙulewa, da kansu za su juya Kaduna.

Wannan ya sa na koma wajen oga da buƙatar da ba ta cikin kasafi: layi na kai tsaye tsakanin rautar Kano da ta Kaduna. Ya ce, "Ai ka ce dunƙulewa za ta rage mana nauyi, yanzu kuma kuɗi kake nema?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙofa biyu da ke shela iri ɗaya dole kowacce ta san abin da 'yar uwarta ta sani." A kan layin muka raba kafa biyu ta VLAN, dabarar raba layi ɗaya kashi-kashi, ɗaya tana yin OSPF a yanki na 0, ɗaya tana yin EIGRP, kuma babu dunƙulewa a kan ko ɗaya. Yanzu in Kano ta rasa Gusau ta hanyarta, tana koyon /24 ɗin daga Kaduna, ta miƙa fakitin can. Wanda ba zai iya biyan layi ba, ramin GRE, wato layin da manhaja ke ƙirƙira, ta cikin netwok ɗinsa zai yi masa aikin, in ya kula da MTU, iyakar girman fakiti.

A ra'ayina, duk wanda ke da ƙofa biyu kuma ba zai iya haɗa su ba, gara ya raba dunƙulen gida biyu, kowace ƙofa ta yi shelar rabin da ya fi kusa da ita a /21 tare da babban /20 a matsayin madogara, ko kuma ya haƙura da dogon tebur. Dogon tebur a netwok mai sabnet ƴan goma ba ya kashe kowa. Ba irin teburin intanet ba ne, wanda a watan Agustan 2014 ya haura hanya 512,000 har wasu tsofaffin rautoci suka shaƙe. Mu abin da ya kai mu ga dunƙulewa shi ne mu tsayar da labarin ɗaukewar wuta a bakin iyaka, kuma hakan ya samu: tambayoyin EIGRP yanzu taku ɗaya suke yi bayan rautar iyaka, domin maƙwabciyar da ba ta taɓa sanin /24 ɗin ba nan take take amsawa cewa ba ta da ita.

Ranar da muka kai shi kan na'urorin gaske, bayan an tashi daga aiki, rautar Kano muka fara yi, muka duba show ip route a reshe ɗaya na kowane ɓangare, sannan Kaduna. Gwajin da na nace a yi shi ne na kashewa: a cire wayar defo ɗaya, a bi fakitinsa a ga inda ya mutu, sannan a cire babban layin Kano a ga ko Kaduna ta ɗauka. Ping a lokacin da komai ke lafiya ba ya nuna ko ɗaya daga cikin matsalolin nan.

Defon nan mai 10.20.9.0/24 ya ci gaba da zama layi na musamman a prefix-list ɗin rautocin biyu, da bayani a gefensa don wanda zai gaje ni. Firintocinsa da na'urorin POS an sa musu adireshi da hannu, don haka sai da muka jira lokacin ƙidayar kaya, da aka rufe defon, muka mayar da shi cikin 172.16, a gurbin wani defo da aka riga aka rufe, sannan na goge layin.