Folda: ta kwali da ta kwamfuta

Folda kalmar Ingilishi ce, daga aikatau mai ma'anar ninkewa: kwali ne da aka ninke biyu a sa takardu ciki. A Garwa da Marwa na Kamaru an fi jin "shemis" ga kwalin, "dosiye" ga takardun da ke ciki, don Faransanci ne yaren ofis. Kwamfutar Xerox Star ta 1981 ta ari hoton kwalin nan don nuna ma'ajiyar takardu a kwamfuta, shi ya sa alamar folda a waya take kama da shi.

Ta kwali tana da abokan gaba. Damina na sa ƙarfen sitefula tsatsa ya ci takardar haihuwa, gara kuma ba ta raga wa kwalin da aka ajiye a ƙasa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne leda: a zafin Afrilu baƙin fotokwafi yakan manne mata, rubutu ya ɓare. A raba na asali da kwafi, a ɗora su bisa kantar ajiya.

Ta kwamfuta kuwa, Windows, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ba ya karɓar alamar / a sunan folda. Don haka in za ka sa kwanan wata a suna, rubuta shi kamar 2024-03-15, shekara a gaba, foldodi su jeru da kansu.