Bashin da na daina bi

Ina da shekara 41 na koma aji. A 2016 ne, a Wad Madani ta ƙasar Sudan, lokacin ɗana na fari har ya fara tuƙa raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, autata kuwa tana aji shida. Takardar gama sakandare, wadda muke ce wa shahada, tun 1993 na same ta, wata huɗu kafin a ɗaura mini aure. Shekara 23 ta yi kwance a ƙasan akwatin ƙarfe, cikin leda ɗaya da takardar aure da katin rigakafin yara. Ranar da na zaro ta gefenta duk ya yi ja, amma Allah ya kiyaye, gara ba ta kai gare ta ba.

Jami'a Maftuha na shiga, wadda aka kafa a 2002 saboda irinmu: malaman makaranta, ma'aikata, matan aure, duk wanda ba zai iya zaman aji kullum ba. A ba ki littattafai ki je gida ki karanta, ki riƙa zuwa cibiya kina haɗuwa da malami, lokacin jarrabawa ki zauna ki rubuta. Na zaɓi muhasaba, wato lissafin kuɗi, don dama ni ce uwar adashin matan layinmu, abin da ake kira sanduƙ a nan, kuma na daɗe ina sayar da gyaɗa da dakwa. Yaran ajin, sa'o'in ɗana, “Khala”, wato Inna, suke ce mini. Da farko kunya nake ji, daga baya na gane sunan yana sa a ba ni kujerar gaba, kusa da fanka.

Abin da ban rubuta a takardar neman shiga ba shi ne maigidana yana sha.

Bakanike ne, kuma hannunsa na da albarka. Taraktocin gonakin Jazira da suka gagari wasu, wurinsa ake jawo su. Mutumin Maiwurno ne, zuriyar waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a bakin kogi kusa da Sinnar. Nawa kakannin da ƙafa suka taso za su Makka, suka tsaya tsintar auduga don neman guzuri, guzurin da har suka mutu bai cika ba. A irin gidajenmu, a ce wane yana shan aragi, giyar dabino, ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma doka: tun Satumban 1983 da shugaban ƙasa Numairi ya sa aka tuttular da giya a kogin Nilu, Musulmin da aka kama ya sha giya, bulala 40 ce hukuncinsa. To amma dabino bai ƙare a ƙasar ba, masu dafa shi a ɓoye ma ba su ƙare ba. A robar ruwan sha ake zubo aragin, fari tas, in ba wari ba ba ki bambanta shi da ruwa. Saboda haka ni aikina ya zama biyu, in rufa masa asiri a wajen dangi, in rufa masa a wajen hukuma. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, kullum maganarta ɗaya: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na ce shekara 23 ban yi karatu ba, amma ba haka ba ne. Mutum ɗaya na yi ta karantawa. Daga yadda ya taɓa ƙofar gida na san daren da za mu kwana. In mabuɗi ya shiga sau ɗaya, lafiya. In na ji yana lalube, ƙarfe na gogar ƙarfe, sai in ɗauke yara daga tsakar gida in kai su ɗaki, in janye angarib, gadon igiya, daga hanya, in kawar da tulu don kada ya ture shi. Na san sallamarsa ta hankali, na san wadda yake ja kamar mai kiran salla. Da na fara zama da littafi bayan isha'i sai na tarar idona ne kawai a kan shafi, kunnena yana bakin ƙofa. In karanta layi ɗaya sau biyar, in rufe littafin ban san me ya ce ba. Na ɗauka tsufa ne, ƙwaƙwalwa ta yi tsatsa. Ashe ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau, wani ne ya riga ya cika ta.

Darasin farko a muhasaba shi ne kowane kuɗi yana da inda ya fito da inda ya tafi, kuma dole a rubuta duka biyun. Madin, inda kuɗin ya tafi, a gefe ɗaya, da'in, inda ya fito, a ɗaya gefen. In kin tara su ba su zo daidai ba, to akwai abin da aka ɓoye ko aka manta. Malaminmu, wani dattijo da ya yi aikin banki kafin ya yi ritaya, ya ba mu aikin gida: kowa ya buɗe wa wata ƙaramar sana'a littafi na wata guda. Wasu suka ɗauki shagon babansu, wata ta ɗauki mai shayin bakin cibiya. Ni na ce bari in yi wa gidana.

Na sayi littafi mai layi, na ja jan biro a tsakiya. Burodi, gawayi, garin kisra, kuɗin wuta, kuɗin makarantar auta, abin da ɗana ya kawo daga raksha, ribar dakwa, abin da maigida ya ajiye a kan tire da safe. Na san abin da gareji ke kawowa, don yaron da ke taya shi aiki ɗan ƙanwata ne. Ƙarshen wata na tara, ɓangarorin suka ƙi haɗuwa. Na sake tarawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da hannunsa ke samu ba ya shigowa gidan. Na san yana sha, wa ya fi ni sani? Amma ban taɓa ganin abin da lamba ba. Kuma a shafin na ga wani abu da ya fi wannan ci mini rai: duk ramin da ya bari, ni ce nake cike shi. Ribar dakwata, kwasar adashina, har zoben da na sayar na ce wa mutane ya ɓata. Shekara da shekaru ina ce wa kaina haƙuri nake yi, littafi ya nuna mini cewa ni ce nake biya wa mai dafa aragi kuɗin cefanenta. Ban kai wa malam wannan aikin ba. Na ƙirƙiro shagon ƙarya na rubuta masa.

Ba abin da ban gwada ba kafin nan. Na zubar da roba a masai, ya sayo wata. Na karɓo rubutu wajen faki na zuba masa a shayi. Na yi kuka, na yi yaji sau biyu, na sa shi ya dafa Alƙur'ani. Kuma in ya rantse, da gaske yake yi, wannan ne abin da wanda bai zauna da mashayi ba ba zai gane ba. Da safe mutum ne mai kunya, mai taushin magana. “Uwar yara, ki yafe mini, daga yau an gama.” Ni kuma in ɗauki wannan magana in ajiye kamar kuɗi, in yi ta gina lissafi a kanta: in ya daina za mu yi rufin ɗaki, in ya daina zan koma makaranta. Komawa makarantar ma sai da na gaji da jira na tafi.

A shekara ta biyu na faɗi darasi ɗaya. Daren jarrabawar ya dawo wajen ƙarfe ɗaya, ya yi tuntuɓe da ɗan teburin da nake karatu, jabana, butar gahawa, ta kife a kan takardun da na yi wata biyu ina taƙaitawa. Ya zauna a ƙasa yana kuka yana goge su da hannun riga, tawada na ƙara damewa. Na kwana ina lallashin wanda ya yi mini ɓarna. Da safe na shiga ɗakin jarrabawa, na ga tambayoyin da na sani sarai, kaina kuwa fayau.

Da sakamako ya fito na ɗauki littattafaina a buhu na nufi gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifina, layi uku tsakaninmu. Na yi ta kewaye-kewaye ina neman ta inda zan fara. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Ke 'yar nan, wa kike ɓoye wa? Ko akuyar unguwar nan ta sani.” Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara 20 ina ɗauke da dutse a ka, ashe kowa na ganin dutsen, kawaici kawai ake yi mini. Ta nuna mini wani ɗan ɗaki da take ajiye buhunan dawa, ta ce in share. Daga ranar na sauya tsari. Na daina karatun dare gaba ɗaya. In na yi asuba sai in yafa tob in tafi gidan Gwaggo, in yi awa biyu kafin gari ya waye sosai. A wannan lokacin shi yana barci, ba ƙofar da zan saurara. Abin da nake yin mako ban riƙe ba sai ga shi yana zama a zama ɗaya.

Akwai wata a ajinmu, ma'aikaciyar jinya ce da ke son komawa ɓangaren kuɗi na asibiti. Ita ta fara gaya mini cewa rawar hannu da gumi da rashin barcin da yake yi a kwanakin farko na azumi ba sharrin aljanu ba ne, jiki ne da ya saba yake neman abinsa. Ta ce wanda ya daɗe yana sha da yawa, in ya yanke lokaci ɗaya, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya faɗuwa yana fizge-fizge kamar mai farfaɗiya, har a rasa rai, don haka da likita ake yi. Na tuna robobin da na sha zubarwa ina ganin jihadi nake yi, jikina ya yi sanyi.

Sai muka zo babin da ake kira duyun ma'aduma, bashin da ya mutu. Malam ya ce ɗan kasuwa yakan bar sunan wanda yake bi bashi a littafi shekara da shekaru don ba ya son ya yarda kuɗin sun tafi, littafin kuma ya riƙa nuna masa yana da dukiyar da ba shi da ita. Ya ce in an tabbatar ba za a biya ba, a cire shi daga cikin kadara a rubuta shi a asara. Wani yaro ya tambaya, to in mutumin ya zo ya biya daga baya fa? Malam ya ce akwai gurbinsa, sai a karɓa a rubuta shi a matsayin abin da ya shigo, amma ba a sa shi a lissafi kafin ya zo hannu. Ina zaune a kujerar gaba ina rubutawa, hawaye na ɗiga a kan takarda, na fake da cewa ƙurar fanka ce.

Ban daina yi masa addu'a ba, ban daina dafa masa abinci ba. Alkawarinsa kawai na daina ƙirgawa a cikin abin da na mallaka. Kuɗin dakwa na raba su da na gida. Ranar da mai shago ya aiko yaro karɓar bashin da ya ci, na ce a same shi a gareji. Ranar da bai iya tashi ba, mai tarakta ya zo nema, ban ce zazzaɓi ne ba, na ce yana ciki, a shiga. Ya yi fushi da ni wata guda, ya ce boko ya sa na raina shi. Wataƙila akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don na san muryata ta sauya.

Za a ce me ya hana ni fita? Yayana ya ce in dawo gida, ɗaki na nan. Na auna na zauna, kuma dalilaina nawa ne: bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ko sau ɗaya, da ya taɓa da labarin ya sha bamban. Ba na ba wa kowace mace shawarar ta yi yadda na yi. Na san wadda ta fita kuma ta yi daidai.

Karatun shekara huɗu ya ci mini shida. A Disambar 2018 burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku a Atbara, zanga-zanga ta bazu, makarantu suka tsaya. Ana cikin farfaɗowa korona ta zo a 2020. Na gama a 2022, ina da jika ɗaya. Ranar da na kawo takardar ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Uwar yara, kin yi abin da na kasa.” A daren ma ya sha.

Ban ci moriyarta a Madani ba. Yaƙi ya tashi a Khartum a Afrilun 2023, ya iso mu a Disamba. Muka fita ta hanyar Sinnar da abin da hannu zai iya ɗauka, muka zauna wajen danginsa a Maiwurno, da wuta ta matso can ma muka wuce Gadarif. Takardun biyu, ta 1993 da ta 2022, a leda ɗaya na ɗaure su a cikina ƙarƙashin tob. Yanzu ina riƙe wa wani ɗan kasuwar riɗi littafi, Bahaushe ne, ya ce bai taɓa ɗaukar mace ba sai da ya ga na gano masa buhu 14 da suka ɓace tsakanin sito da mota. Da albashin nan muke biyan hayar ɗaki biyu.

Maigida yana gyaran injinan noma a bakin kasuwa. Bayan wata faɗuwa da ya yi a Maiwurno ya yarda ya ga likita, kuma yau wata bakwai ban ji warin a jikinsa ba. Gwaggo, da muka taho da ita, takan tambaye ni ko an dace ke nan. Nakan ce mata wata bakwai dai sun shigo hannu, na rubuta. Jiya da magariba ina tsakar gida ina tara lissafin mako, sai kawai na ga inuwarsa a kan shafi, yana tsaye da ledar burodi. Ban ji lokacin da ya buɗe ƙofa ba.