Hankaka ya gyara mini darasi

Shekara uku na yi ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Daura, ina zana wa yara bakunan tsuntsayen tsibiran Galafagos da masanin halittu Darwin ya tarar a 1835. Su kwafa, su haddace saboda WAEC, su manta. Ni kuwa a tunanina aiki nake yi.

Ran nan ina bayanin tsuntsun da ke saka ƙwai a sheƙar wani, sai wata yarinya daga can baya ta ɗaga hannu. "Malam, ashe shi ya sa ake cewa hankaka mai da ɗan wani naka?" Na tsaya da alli a hannu. Da na bincika, ashe akwai wani tsuntsu mai tukku, dangin ragon-maza, da ke zuba ƙwansa a sheƙar hankaka, shi kuma ya ƙyanƙyashe ya yi ta ciyarwa. Abin da nake ta kame-kame da Turanci a kansa, kakarta ta riga ta faɗa mata.

Tun daga nan muke fita bayan makaranta da sassafe, kowa da littafi da fensir. Ga balbela tana bin sawun shanu tana cafke farar da kofato ya tayar. Saniya ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Ga carki a gadon baya yana tsince kaska, amma idan ya sami gyambo sai ya zauna shan jini. Wani ɗan Fulani a ajin ya rantse carki maƙiyi ne, sauran suka ce likita ne. Minti arba'in suna musu, ban raba su ba, don babin zaman cuɗanyar halittu ke nan gaba ɗaya. Shamuwa kuma ta koyar da ƙaura: ta iso da farkon damina, ta yi sheƙa cikin gari, ruwa na ɗaukewa ta nufi kudancin Afirka.

Ungulu ce ta kashe mini jiki. Muna yara, korar su ake yi a mahauta. A aji guda, ba wanda ya taɓa ganinta ido da ido. Guba da masu sayar da kan ungulu don tsibbu sun ƙarar da ita, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ɓacewa. Na ba su aikin gida: kowa ya tambayi kakansa yaushe rabonsa da ganin ungulu, kuma yanzu wa ke kwashe mushe.