Gem a gidanmu na Riyad

A Kano ba uwar da ke alfahari da cewa ɗanta gwanin gem ne. Gidan gem shago ne mai duhu a lungu, janareta na ƙugi a bakin ƙofa, yara sun cunkushe a benci kowa na jiran layinsa. Yaron da aka hango a can lokacin Islamiyya, labari zai riga shi isa gida. Da wannan tarbiyyar na zo Riyad aikin jinya, daga baya Abbansu ya biyo ni da yara.

Aikin asibiti bai dame ni kamar halin da babban ɗana ya shiga ba. Yaron da ya saba da ƙwallo a ƙofar gida da dandazon 'yan uwa, sai ga shi a unguwar da kowa ya kulle gidansa. A watan Yuli zafi kan kai digiri 45, ba ɗan da zai leƙo titi da rana. Larabcinsa na Islamiyya kuma ya ishe shi karatu, amma bai ishe shi hira da yaran ajinsu ba, don nasu na baka daban ne. Yana dawowa daga makaranta sai ɗaki. Har cin abincinsa ya ragu.

Wata abokiyar aikina 'yar ƙasar na kai wa kuka, ta ce, "'Yar uwa, ki saya masa PlayStation." Ta ga yadda na yi da fuska, sai ta ce mijinta ma yana bugawa, ƙaninta likita ma haka. Daren Juma'a magidanta kan kama gidan shaƙatawa a bayan gari, ga gahawa ga dabino, a yi ta buga ƙwallon gem har dare ya raba. Ita kanta abin yana ba ta mamaki, don tana yarinya a 2001 malaman ƙasar suka haramta wasan yara na Pokémon. A 2025 kuwa Scopely, kamfanin da asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ya mallaka ta hannun Savvy Games Group, ya sayi Pokémon GO da wasu wasanni a kan dala biliyan 3.5.

Abin daga sama ya taso. A 2022 Yarima Muhammad bin Salman ya ƙaddamar da tsarin ƙasa na wasannin bidiyo, da burin samar da ayyuka 39,000 kafin 2030. A 2024 aka fara gasar gem ta duniya, Esports World Cup, a nan Riyad, kyautarta ta haura dala miliyan 60, ta shekarar da ta biyo baya ta haura miliyan 70, kuma ƙungiyar Team Falcons ta 'yan gida ce ta zo ta ɗaya duka biyun. Mun je Boulevard City da yara mun gani. Abin da ya tsaya mini a rai wani dattijo ne mai furfura, jikansa a kafaɗa, yana tafa wa samarin da ke zaune gaban kwamfuta.

Muka saya masa PlayStation ɗin, kuma gaskiya ya yi amfani. Yaran ajinsu suka sa shi a rukuninsu. Nakan jiyo shi daga kicin, abin sauraro a kunne, yana zuba Larabci irin na Riyad har da tsawa, yau shi ke yi mini tafinta a kasuwa. Mahaifiyar ɗaya daga cikinsu ta gayyace mu shan ruwa da azumi, gidan 'yan ƙasa na farko da muka taɓa shiga. In an dace da wuta da data a Kano, yakan haɗu da 'ya'yan yayata su buga tare, a nan yake jin labarin dangi kafin ni.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. A gida in kika hana yaro gem, unguwa ce gaba ɗaya ke bayanki: maƙwabci, malamin Islamiyya, kawunsa. A nan ke kaɗai ce. Allunan talla a titi suna bayansa, abokansa haka, iyayen abokansa ma haka. Garin kuma ba ya barci da wuri, yara na kan layi har tsakar dare, ga Asuba ga makaranta da sassafe. Ranar da na ce ya kashe, cewa ya yi, "Umma, ai sana'a ce. Musa'id Al-Dosari ya ci kofin duniya na gem ɗin FIFA a 2018." Na ce haka ne, amma yara nawa suka kwana suna bugawa ba su zama shi ba?

Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne katin kuɗi. A cikin wasan ƙwallon ana sayar da ƙunshin 'yan wasa a rufe, sai ka biya ka buɗe ka ga wa ya faɗo maka. Ni dai ban ga marabarsa da caca ba, kuma tun 2018 hukumar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca. A wurin aiki mun san Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019. Ɗana bai kai nan ba, alhamdulillahi, amma na ga idonsa a ranakun da ya kwana yana yi.

Muka zauna da Abbansu muka yanke: na'urar ta dawo falo, ba ƙunshin sa'a ko na riyal ɗaya, ranakun makaranta ana kashewa bayan Isha. Ya yi fushi, ya ce duk abokansa ba wanda ake yi wa haka, kuma na san da gaskiyarsa.

Yanzu ƙanwarsa ce ta taso mu a gaba, tun da ta ga an yi gasar mata ta gem ɗin Mobile Legends a Riyad. Abbansu ya ce a bari ta ƙara girma. Ni kuwa ina ganin ita ma ƙawaye take nema, don haka na ce a ba ta ranar Asabar, a falo, ina kusa.