Tarihin Rayuwata, Kashi Na 7: Jikar Mai Waakye Ta Kasa Dafa Na Mutum Biyu

Assalamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce na tsaya ne a inda motar kai amarya ta baro Kumasi da ni, ina ta kuka Kaka kuma tana bakin zaure tana min tsiya wai alhamdulillahi kishiya ta tafi yau zata sake da mijinta. To yau zancen tukunya ne, amma kafin in faɗa muku abin kunyar da na yi a unguwar Nima ta Accra sai kun fara sanin irin gidan da na fito, in ba haka ba cewa zaku yi sakarya ce ni.

Ni a gidan mai saida waakye na tashi a unguwar Aboabo ta Kumasi. 'Yan uwanmu na Najeriya da Nijar kar rubutun ya ruɗe ku, waace ake faɗinsa, kuma wakenmu ne dai, shinkafa da wake ce ta shiga bakin Tonawa, Asantawa kenan, ta dawo mana da sabon suna. Abin da ya bambanta shi kawai jan ganyen dawa da ake jefawa a ruwan dahuwa, wanda ku kuke ce ma karan dafi, shi ke ba shi launin nan, sai 'yar kanwa da ke sa waken ya nuna da wuri ta kuma fito da jan ganyen.

Ƙarfe biyu da rabi na dare Kaka take tashi, ko ruwa ake ko sanyin hunturu. Tukunyarta ta ƙarfe ce, irin wadda in ka sa yaro ɗan shekara uku a ciki sai dai ka hango kansa, a kan murhun duwatsu da itace. Tun ina shekara takwas nake da nawa aikin, tsintar wake da yamma a jiƙa shi, wanke ganyen naɗi, kankare wele wato ganda har hannuna ya yi fari, ɓare ƙwai, tsame taliya. Ana sallame asuba an fitar da tebur bakin titi, makanikai masu tafiya Suame Magazine, unguwar garejin Kumasi, su ne farko, sai direbobin trotro wato ƙananan bas na haya, sai 'yan matan kayayo masu dako da ke sammakon kasuwar Kejetia da tasoshinsu, sai 'yan makaranta masu kuɗi kaɗan da surutu da yawa. Kafin ƙarfe goma an kife tukunya.

Abin da nake so ku riƙe shi ne awon gidanmu. Mu da olonka muke magana, babban gwangwanin awo na kasuwa, shinkafa olonka shida wake olonka uku, gishiri cikin hannu biyu, kanwa dunƙule guda kamar ƙwan zabuwa, shito kuma a yini guda ake soya na sati, busasshen barkono da busasshen kifi amane da ƙananan jatan lande da citta da albasa, a bar shi kan wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya yi baƙi mai ya taso sama. Har na yi aure wallahi ban taɓa ganin an ɗora waakye a ƙaramar tukunya ba. Na dare ma tuwon mutum goma sha wani abu ake tuƙawa, da 'yan haya da almajirai da duk wanda magariba ta kama a gidan.

Kuma duk waakyen nan mu yaran gida bama cin saman tukunya, saman na mai kuɗi a hannu ne. Namu ƙanzo. In an gama saidawa Kaka zata yayyafa ruwa a gindin tukunyar ta rufe ta bar ta kan garwashi minti kaɗan, sannan ta sa babban cokali ta kankaro shi fale-fale, ta zuba man shito, ta barbaɗa gari, in Allah ya taimake mu akwai ragowar taliya da guntun wele da ya maƙale a miya. Mu zagaye tasa guda mu biyar ana ture hannun juna. Na ci abinci a wurare masu tsada daga baya, amma har yau in raina ya ɓaci ƙanzon nan nake nema, gefen da ya yi ƙarau da gefen da ruwa ya tausasa, da ɗan ƙaurin hayaƙi.

Kaka bata yarda a zubar da ko loma ɗaya, in ta ga ƙwayar shinkafa a ƙasa to yau kun sha labarin 1983. Shekarar da fari ya haɗu da gobarar daji gonaki suka ƙone, kuma a farkonta Najeriya ta koro 'yan Ghana kusan miliyan guda suka dawo gida ba abinci. Tace mutane sun rame har ƙashin wuya ya fito ana kiransa sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin, ita kanta ta ajiye tebur saboda ko da kuɗinka babu shinkafar, ƙanzon da ta saba shanyawa tana tarawa a buhu dan kaji shi ta riƙa jiƙawa tana ba su Mma. Muna yara dariya muke in ta fara, mu riƙa taɓa wuyan juna.

To da wannan hannun aka kawo ni Accra a 2007, watan da bai fi biyu ba da canjin kuɗi. A Yulin shekarar ne aka yanke sifili huɗu, dubu goma ta koma sidi ɗaya, tsoho da sabo suna yawo tare har ƙarshen shekara, kowa a kasuwa yana lissafi da yatsu. Ɗaki ciki da falo ne a wani gidan haya a Nima, ƙofa goma sha biyu, kowace da kurfotinta, murhun gawayi, a bakin ƙofa, ma'ana duk abin da kika dafa gida gaba ɗaya ya sani tun kafin ki sauke. Kwana bakwai ana kawo mana abinci daga gidan uwar mijina a Mamobi, rana ta takwas aka ce amarya zata ɗau girki, kuma labari ya riga ni isowa, wai jikar mai waakyen Kumasi ce, har wata maƙwabciya tace min ita tun jiya ta wanke kwanonta.

Maigida ya bani dubu hamsin, sidi biyar a sabon kuɗi, ranar Laraba ce kuma ranar kasuwar Nima, na shiga na yi cefane ina taƙama. A raina nace mu biyu ne bari in yi ɗan kaɗan, sai na auna shinkafa olonka biyu wake olonka ɗaya. Ku da kuka san girki kun riga kun fara dariya. Tukunyar kayan aurena ta cika tun wake bai nuna ba, na raba biyu, na zuba shinkafa ta kumbura ta ɗaga murfi, na ari kurfotin maƙwabciya na raba uku. Kanwa kuwa hannuna da kansa ya ɗauko dunƙulen da ya saba, na dai gutsure kaɗan dan in ce na rage. Abin da ya fito ba ja ba ne, wani baƙi-baƙi ne mai santsi, waken ya narke ya zama kamar alala, a baki kuma sai ka rantse sabulu aka sa.

Maigida ya dawo ya zauna, na ajiye masa gabana na faɗuwa. Loma ɗaya ruwa, loma ɗaya ruwa, bai ce komai ba sai da ya leƙa waje ya ga tukwane uku a jere yace, "Amarya sannu da aiki, amma wai suna ake a gidan nan ban sani ba?" Na shige ciki na fashe da kuka. Ga shi lokacin ana rabon wuta saboda ruwan madatsar lantarki ta Akosombo ya ja baya, ranar babu wuta, firij ɗin da aka yi min na aure ya zama akwati, kuma wake da zafin Accra ba sa shiri, kafin dare zai fara yauƙi. Zubarwa kuwa ko a mafarki, muryar Kaka na kunnena. Haka na bi ƙofa goma sha ɗaya da kwano ina rabawa, kowa na godiya. Washegari da asuba a layin bayin haya na unguwa rabin mutanen ciki 'yan gidanmu ne, ba wanda ya kalle ni, ni ma ban kalli kowa ba.

Da hantsi sai ga uwar mijina, na tabbatar labari ya je Mamobi. Na durƙusa na gaishe ta ina jiran faɗa. Ta buɗe tukunyar da ta rage ta ɗanɗana, ta yi shiru, sai kawai ta kama dariya har da hawaye tana riƙe ƙofa. Tace, "Ɗiyata ai kin iya, hannunki ne na kasuwa, ba a taɓa nuna masa ɗaki ba." Ta aiki yaro ya sayo madarar gwangwani ƙarama, muka sha shayi da ita, ta wanke gwangwanin ta miƙo min tace daga yau ga olonkarki. Shinkafa biyu wake ɗaya, ganye uku ko huɗu a tsame su kafin a zuba shinkafa, kanwa kamar ƙwayar gyaɗa a jiƙa ta a ruwa a tsiyaye, in ma waken ya kwana a jiƙe to bar kanwar gaba ɗaya. Nace Mma wannan ai ko kyanwa ba zai ƙosar ba, tace dafa ki gani. Har da ragowa.

Tsawon wata guda tana zuwa duk bayan kwana biyu, ita ta gyara min tuwon zafi ma. Ni na saba tuƙa mai tauri dan ya kai ko'ina, ita kuwa sai ta dama koko da ruwan tsami, ta ɗebi rabi ta ajiye gefe, ta zuba garin masara da ɗan garin rogo tana tuƙawa tana mayar da kokon kaɗan-kaɗan har ya yi laushin da ba sai an tauna ba. Miyar ayoyo kuma minti kaɗan ce, daddawa da garin kifi, a kaɗa a sauke tun tana koriya, jar miya da nama a gefe. A nan kam na sallama, tuwonta ya fi na gidanmu, amma waakyen Accra har gobe ban yarda ya kamo na Kumasi ba, sun cika tara masa kaya, ga salak ga soyayyen ayaba ga wannan ga wancan a cikin roba, alhali ɗumin ganyen naɗi shi ke ba shi rabin ƙamshinsa.

A hankali na samu tsarina. Safe koko da ƙosai a bakin titi, ba mai wahalar da kansa. Lahadi omo tuo, tuwon shinkafa da miyar gyaɗa. Ranar da aljihun maigida ya yi sanyi angwamo, a soya albasa a mai a zuba shinkafa da ruwa, a niƙa barkono da tumatir a asanka wato kaskon niƙa, ƙwai ɗaya a raba biyu. Wata Batoniya a gidan ta koya min dafaffiyar doya da miyar kontomire wato ganyen gwaza, wata 'yar ƙabilar Ga kuma ta dage sai na saba da dokununsu da soyayyen kifi, ranar farko tsamin ya kusa fitar min da hawaye, yanzu ni ke aikawa a sayo.

Abu ɗaya ne ƙaramar tukunya ta kasa bani, ƙanzo. Gwangwani biyu kan gawayi ba ya kama gindi irin na itace, ɗan abin da ya kama cokali biyu ne. Da na samu ciki kuwa sai abin ya zama kamar ciwo, ba na son komai sai shi. Na fara barin tukunya kan wuta da gangan, maigida ya shigo ya ji ƙauri yace, "Amarya mun koma gidan jiya ne?" Na ci na ji ba shi ba ne, ƙonewa daban ƙanzo daban. Ƙarshe na je wajen masu waya a ƙarƙashin lema na kira gidanmu, Mma ce ta ɗauka, nace a haɗa ni da Kaka tace tana barci, da azahar fa, matar da ban taɓa ganin ta kwanta da rana ba, amma kwaɗayi bai bar ni na yi tunani ba, na dai bar saƙo a ce kishiyarta na son ƙanzo.

Bayan kwana huɗu ƙanina ya iso tashar Circle ta Accra da motar dare, da busasshen ƙanzo cike da leda da kwalbar shito. Ko gaisuwar kirki ban tsaya mun yi ba na yayyafa ruwa na ɗora kan garwashi na zuba mai da gari na kai loma. Na tauna, na sake kai ta biyu. Gishirin ya yi kaɗan, shiton kuma an sauke shi da wuri, cittar na nan ɗanya a harshe. Shekara goma sha biyar ina cin hannun matar nan kullum.

Na ajiye kwanon nace, "Kai, wa ya dafa wannan?" Ya sunkuyar da kai yana wasa da zip ɗin jakarsa. Nace da kai nake. Yace, "Yaya, Mma ce tace kar a faɗa miki saboda cikinki, sati uku kenan Kaka bata fita tebur ba."

Nan zan tsaya, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.