Ƙafa takwas a shida: hoton da ya cinye mini rabin albashin wata biyu

Ranar Asabar da ta wuce na miƙa wa Oga makullin ɗakin kwamfuta, bayan shekara biyar da 'yan watanni. Mun rabu lafiya, ya sa mini albarka, ya ce ƙofa a buɗe take duk ranar da na so dawowa. Ni ma na yi godiya, don a shagonsa na firintin ne na goge a manhajar zane ta CorelDRAW, a nan na san bambancin fileks (ledar da ake buga bana a kai) da sitika da kambas (yadin da ake buga hoto a kai). Yaran da na bari sun ce in rubuta musu abin da na koya. Da na zauna zan rubuta sai na ga abu ɗaya ne ya cika mini kai, wato hoton wani marigayi da na buga ya lalace. 'Yan harkarmu da yawa sun ji labarin, amma daga bakin Oga suka ji. Yau ga nawa.

Duk wanda ya yi aikin firintin a Kano a watan Fabrairun 2023 ya san halin da ake ciki. Zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga wata, takardun kuɗi sun ɓace saboda canjin naira, tiransifa kuma sai ta kwana ba ta shiga ba. Injinmu mai faɗin ƙafa goma ba ya hutawa, janareto na ta kuka dare da rana, warin tawada har cikin tuwon da muke ci. Fuskokin 'yan takara muke ta fitarwa kamar ana toya ƙosai. A cikin wannan hayaniyar wani matashi ya shigo da waya a hannu. Za a naɗa yayansa sarautar da mahaifinsu ya riƙe kafin rasuwarsa, a wani gari da ba sai na faɗa ba. Suna son a buga hoton marigayin a kan doki, da alkyabba da rawani, tsawo ƙafa takwas faɗi ƙafa shida, a kafa a babban falon da za a karɓi 'yan gaisuwa.

Ya gaji da yawo kafin ya iso wurinmu. Gidan hoton da ya fara zuwa sun ce injinsu bai kai wannan girman ba. Mai firem ya ce shi katako da gilashi ne aikinsa. Wani kuma ya ce masa sai dai Abuja. Oga na jin haka ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, mu da muke buga allon kan titi? Turo kawai." Ya turo ta WhatsApp, ya biya rabi, ya tafi.

Da na buɗe hoton na duba girmansa, ɗigo 960 ne a 1,280, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto. Lissafin ba wuya. Ƙafa takwas inci 96 ke nan, ka raba 1,280 da 96, kowane inci zai samu ɗigo 13 kacal. Kowane ɗigo ɗaya zai fito kusan girman ƙwayar gero. Hoton da ake wankewa a riƙe a hannu ɗigo 300 ake ba kowane inci, wanda za a rataye a bango kuwa ana son 100 zuwa 150. Na tashi na samu Oga na ce, "Oga, hoton nan ba zai ɗauki girman nan ba." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Na 'yan siyasar da kake bugawa ƙafa ashirin, ta ina ake turo maka su? Ba ta WhatsApp ɗin ba? Je ka buga, Malam, aiki ya yi mana yawa."

Na koma na zauna, kuma gaskiyar magana na yarda da shi. Nan ne na faɗi. Hoton ɗan takara a kan gadar sama ko a shataletale yake, mai kallonsa yana cikin adaidaita sahu yana wucewa daga nesa. Ido daga nisan nan ba ya rarrabe ɗigo, shi ya sa allon titi yake yin kyau ko da ɗigo 20 ne a inci. Wannan kuwa a falo za a kafa shi. 'Ya'yan mutum da jikokinsa za su tsaya taku biyu daga bango su kalli idon mahaifinsu. Na san wannan sarai, na sha karanta shi, amma wata guda ina buga fuskokin da ba wanda ke matsowa kusa da su, har hannuna ya saba.

Laifi tudu ne, don haka bari in sauko daga kan nawa in nuna shi. Abu biyu na yi da ba Oga ya sa ni ba. Na farko, ban buga gwaji ba. Da na yanko fuskar kaɗai a ainihin girman da za ta fito, na buga a ƙyallen ƙafa ɗaya, minti biyar bai cika ba da kowa ya ga abin da zai faru, har Ogan. Sai na tsaya ina kallon hoton a fuskar kwamfuta, ya yi ƙanƙani ya yi kyau, ina yi wa rogo kallon kitse. Na ƙara masa ɗigo a Photoshop, na ɗan goge shi, na ce ai ya isa. Ƙarin ɗigo ba ya dawo da abin da babu shi tun farko, shafe shi kawai yake yi.

Na biyun shi ne wanda har yau yake hana ni barci. A kusurwar hoton ta sama akwai ɗan hasken fitila, a gefe kuma akwai bakin firem. Ko yaron da ya fara koyo jiya ya san ma'anar wannan: wani ne ya ɗauki hoton da ke rataye a bango da wayarsa, ya jefa a zauren WhatsApp na dangi, aka yi ta turawa. Ke nan asalin hoton yana nan a wani ɗaki. Maimakon in kira matashin in ce ina na takardar yake, sai na yanke hasken da bakin firem ɗin na zubar, na ci gaba da aiki.

An buga da daddare a kan fileks, irin wanda muke yi wa 'yan siyasa, aka ninke shi gida huɗu aka kai musu ranar Alhamis. Ranar Juma'a da safe mota ta tsaya a ƙofar shago. Matashin ya fito, sai ga mahaifiyarsu, uwargidan marigayin, tsohuwa mai nutsuwa da carbi a hannu. Aka shimfiɗa hoton a ƙasa a tsakar shago. Daga bakin ƙofa ba laifi, ga doki ga mahayi. Da ka matso sai fuska ta watse ta zama murabba'ai kamar an jera tubali. Ido biyu sun zama tabo biyu. Aikin aska takwas da ke wuyan rigar ya dame kamar kunu, rawanin ya zama farin fili babu ko naɗi ɗaya da ake gani, fatar kuma ta yi wani ja-ja mai duhu. Layin ninki ya bi ta kan hanci. Hajiya ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sannan ta ce a hankali, "Wannan ai ba Alhaji ba ne."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ina shirin in buɗe baki in ba da haƙuri sai Oga ya riga ni. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri don Allah. Yaron nan ne, sai da na ce masa ya duba da kyau." Ya juyo gare ni a gaban baƙi da yaran shago ya ce shekara nawa zan yi kafin in iya aiki. Ya mayar musu da kuɗinsu, ya ce a albashina za a cire, har da kuɗin fileks da tawada da dizal. Wata biyu ina karɓar rabi, a lokacin da mutane ke kwana a layin banki. Ban ce uffan ba. Mai kula da injin yana tsaye a wurin ranar da na ce hoton ba zai yi ba, shi ma bai ce uffan ba. Ban riƙe shi a rai ba, yana da iyali.

An yi naɗi babu hoto. Bayan zaɓen gwamna na 18 ga Maris, da aiki ya lafa, na ɗauko lambar matashin a takardar aiki na kira shi. Da ƙyar ya saurare ni. Na ce ba kuɗi nake nema ba, asalin hoton nake so in gani. Ashe yana ɗakin Hajiya, ɗan ƙarami, inci biyar a bakwai, wankin gidan hoto na da. Na cire shi daga firem a gabanta ina addu'a kada ya manne da gilashi, na sa shi a sikana a kan ɗigo 1,200 a kowane inci, ya ba ni ɗigo 6,000 a 8,400. Ba wai ƙaramin hoto yana ɗauke da bayani mai yawa haka ba ne. Amma idan aka faɗaɗa shi ta wannan hanyar, laushi yake yi irin na tsohon hoto, ba ya fashewa ya zama tubali. Na kwana uku ina cire ƙura da tsaga, ban taɓa fuskar ba. Akwai manhajojin da ke gyara fuska yanzu, na gwada ɗaya don in gani, ta fito da wani kyakkyawan dattijo wanda ba mahaifin kowa ba ne.

Daga nan na shiga abin da matashin ya sha, wato neman wurin bugawa, ni da nake cikin harkar. Sai a lokacin na gane yawancinmu masu buga talla ne, ba masu buga hoto ba. Injin fileks kala huɗu yake da su, waɗanda muke kira CMYK, an yi shi ne don rana da ruwan sama da kallon nesa. Injin hoto na gaske yana da tawada takwas ko fiye, har da toka-toka da baƙi iri-iri, kuma su ne ke fitar da fatar baƙin mutum da naɗin farin rawani yadda suke. Irin waɗannan injinan galibi faɗinsu inci 44 ne, manyan su kai 60 ko 64, don haka ƙafa shida a falle ɗaya ba ta samuwa a kansu. Wanda ya fara ce wa matashin injinsu bai kai ba, shi ne ya gaya masa gaskiya. Mu da muka ce komai girma za mu iya, mu muka cuce shi.

Na shawo kansu muka rage zuwa inci 40 a 56, wanda ya ba kowane inci ɗigo 150. Wani abokina da ke aiki a Shomolu ta Legas ya haɗa ni da masu irin injin. Na tura fayil ɗin ta imel, na ce su fara buga mini fuskar kaɗai su ba direban mota. Gwajin farko ya yi ja da yawa, muka gyara, na biyu ya zauna. Cikakken ya iso a nannaɗe cikin bututun kwali, a kan kambas, babu ninki ko ɗaya. Ranar da aka kafa shi Hajiya ta matsa har tana iya taɓa shi, ta nuna wani ɗan tabo a gefen girarsa ta ce na faɗuwa daga doki ne tun yana saurayi. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ta sa aka ba ni shadda yadi biyar. Da labari ya kai wa Oga cewa ya yi ina satar masa kwastoma a bayan idonsa. Kwastoman da ya mayar wa kuɗi, a kan aikin da ban karɓi ko sisi ba.

Ga masu neman inda za su buga babban hoto, tun da tambayar tana yawan zuwa mini: idan mai shago bai tambaye ku inda za a rataye shi da kuma inda asalin hoton yake ba, ku ɗauki wayarku ku fita. Ku ce a buga muku fuskar a ainihin girmanta tukuna, ko da za ku biya kuɗin gwajin. Ku tambayi a kan me za a buga, ku taɓa da hannunku. In dole sai ta WhatsApp, a tura a matsayin dokumen, ba daga cikin hotuna ba. A nannaɗe, kada a ninke.

Ku kuma yaran shago, sauran abubuwan kun san su. Ku rufe injin da hunturu, ƙura na toshe kan tawada. Ku sa kwastoma ya karanta rubutun banarsa ya sa hannu kafin a buga, musamman suna da kwanan wata. Ɗan siyasa ya biya duka kafin zaɓe. Idan kuma kun ce aiki ba zai yi ba aka ce ku yi haka nan, ku tura saƙo a rubuce ku ajiye, ko da ga wanda kuke kira uba ne.

Wancan fileks ɗin da ya lalace, Oga ya so ya haɗa shi da ragowar banonin zaɓe ya sayar wa masu rufin rumfa. Na ce a'a, ni na biya kuɗinsa, nawa ne. Ɓangaren marigayin na kai wa iyalinsa su yi yadda suka ga dama da shi. Kan dokin kuwa na yanke na ajiye, da linzaminsa da ya zama tubali-tubali. Yana cikin kayan da na kwasa ranar Asabar, kuma na riga na buga masa ƙusa a bangon ɗan shagon da na kama, daidai inda kwastoma zai zauna.