Godiya bayan sallamo Auta daga asibiti

Alhamdu lillahi Rabbil alamina. An sallamo Auta. Yanzu haka yana gida a Badarawa, a ɗakin Hajiya, ƙafar na kan matashi. Likitan ƙashi ya duba hoton ƙarshe ya ce ƙarfen da aka sa masa a ƙwauri ya zauna daidai, abin da ya rage sai haƙuri da zuwa gashi. Duk wanda ya kira ni a 'yan kwanakin nan ban ɗauka ba, ko ya turo saƙo ya ji shiru, ya yi mini uzuri. Wallahi har yanzu in na zauna sai barci ya sace ni da waya a hannu.

Ba sai na maimaita labarin yadda ƙanena Auta ya karye a ƙafa muna saukowa daga dutsen Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka Gumti ba, kun bi shi tun daga saƙon farko da abokin tafiyarmu ya turo da ya samu sabis. Abin da ban iya faɗa wa kowa ba, har Hajiya, shi ne yadda daren da ya karye ya kasance, kuma ba zan iya yin godiyar nan yadda ta kamata ba sai na faɗe shi.

Chappal Waddi tsawonsa mita 2,419 ne, babu dutsen da ya kai shi a Nijeriya, kuma a inda muka kafa tanti a gangarensa, Kamaru ta fi kusa da mu a kan kowane asibiti. Mutumin Kaduna yana ganin ya san sanyi saboda hunturun Disamba. Na can daban ne. Da rana ta faɗi, iska ta taso tana dukan tantin, ciyawa ta jiƙe sharkaf, hazo ya rufe ko'ina har hasken tocila ba ya wuce taku kaɗan. Mun lulluɓe Auta da duk abin da ke cikin jakunkunanmu na goyo, rigunan sanyi, barguna, har da dardumar sallah. Risho ɗinmu ƙarami iska ta hana shi kamawa sosai, ruwan shayi ya ƙi tafasa. Tun da yamma yana ihu, ina jin ciwon ihun a raina, amma da dare ya raba sai ya daina. Haƙoransa kawai ke kaɗawa. Shirun nan ya fi ihun tsorata ni.

Can ya kamo hannuna ya ce, "Yaya, in wani abu ya faru, kada ka faɗa wa Hajiya ta waya. Ka je da kanka." Na ce masa ya yi shiru, babu abin da zai faru, amma bakina ne kawai ke magana. Yaron da na goya, na kai shi makarantar allo da hannuna, shi ne yake ba ni wasiyya a bayan dutse.

Ɗaya daga cikin jami'an gandun dajin da ke tare da mu ya riga ya tafi neman taimako a cikin duhun nan, shi kaɗai. Gab da asuba muka hango fitilu suna tahowa. Ya dawo da wani dattijo Bafulatani, Jauron rugar da ke ƙasa da mu, da 'ya'yansa samari. Dattijon ya shigo tantin a durƙushe, ya yi sallama, bai tambayi ko mu su wane ne ba, bai tambayi abin da ya kawo mu ba. Ya kwance wata buta da aka naɗe da tsumma, madara ce da zafinta, ya tallafo kan Auta ya riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Ya shimfiɗa masa bargonsa mai ƙamshin hayaƙi. Daga nan ya shafa ƙafar a hankali daga gwiwa zuwa idon sawu, ya sa yaransa suka feƙe itatuwa, ya jera su a gefe da gefe. Da aka rasa abin ɗauri, sai ya warware rawanin kansa ya kekketa shi. Ina kallo, a cikin wannan sanyi, tsoho ya zauna kai ba komai yana ɗaure ƙafar ɗan wani. Hausarsa kaɗan ce, jami'in ne ke yi mana tafinta, amma da ya gama ya dafa ƙirjin Auta ya yi masa addu'a, wannan kam ba mu nemi tafinta ba.

Da gari ya waye suka haɗa abin ɗauka da sanduna biyu da tamfol ɗinmu, suka riƙa karɓa-karɓa a gangaren da mai lafiya ma sai ya dafa ƙasa. A ruga, Inna matar Jauro ta dama mana fura da kindirmo, ta shafa wa Auta man shanu a tafin ƙafarsa mai lafiya da ta ƙandare. Na zaro abin da ke aljihuna na miƙa wa Jauro. Ya kama hannuna ya mayar, ya ce in ajiye, akwai asibiti a gaba. Likitan da ya yi aikin a nan Kaduna ya ce mini ɗaurin farkon nan ne ya hana ƙashin motsi ya fasa fata a doguwar hanyar da muka biyo. Jauro ba ya Facebook, wannan rubutu ba zai kai gare shi ba. Allah da ya gan shi a daren nan, Ya saka masa da Aljannar Firdausi, Ya albarkaci garkensa, Ya raya masa zuri'a, Ya sa kada ya taɓa neman taimako ya rasa.

Na san al'adarmu ita ce a ce an gode wa kowa da kowa a bar shi haka, kuma na san waɗanda zan ambata ba za su so ba. Su yi haƙuri. Jami'an Gashaka Gumti biyu da suka raka mu, musamman wanda ya bi duhu, Allah Ya tsare ku a bakin aikinku. Samarin da suka ɗauko mana kaya, waɗanda suka ƙi tafiya bayan yarjejeniyarmu ta ƙare. 'Yan acaɓan da suka fito da mu zuwa Nguroje. Direban da ya sauko da mu daga Mambila zuwa Mayo Selbe, wanda duk wanda ya san lanƙwashe-lanƙwashen hanyar nan ya san abin da ake nufi da a ce mutum ya bi ta a hankali don kada marar lafiya ya girgiza, ya kuma haƙura da mu ta Serti da Bali har Jalingo. Abokina na makaranta da ya sauke mu a gidansa a Jalingo, matarsa ta tashi tsakar dare ta ɗora tukunya.

A nan gida, Kawu na Kawo, wanda ya biya kuɗin aiki kafin in buɗe baki. Goggo ta Tudun Wada, wadda kullum kafin a gama zagayen likitoci ta iso da kunun gyaɗa da farfesu, da ciwon gwiwarta da komai. Samarin majalisar Auta da suka yi layi don ba da jini. Malam Liman da jama'ar masallacinmu da suka sa shi a addu'a bayan kowace sallah. Ma'aikatan jinya na dare. Sai uwargidana, da ta riƙe gida da yara da Hajiya, ta kuma ɓoye hawayenta har muka dawo. Allah Ya biya ku da abin da ya fi wannan, Ya yaye muku damuwarku ta fili da ta ɓoye, Ya jiƙan iyayenku, Ya sa ku gama da duniya lafiya, Ya haɗa mu a inuwar Al'arshi.

Akwai kuma 'yan'uwa na jini da ke cikin garin nan, tsakaninmu da su kuɗin Keke Napep ne, waɗanda har aka sallamo shi ba mu ga ƙeyarsu ba, sai dai saƙo ya iso mana cewa me ya kai mu. Ban riƙe kowa ba, wataƙila akwai uzuri. Amma Hajiya ta lura, ta kuma tambaye ni. Ga masu tambayar kuwa, Gashaka Gumti gandun daji ne na gwamnatin tarayya tun 1991, shi ne mafi girma a ƙasar nan, ya ratsa Taraba da Adamawa. Da izinin ofishinsu na Serti muka shiga, da rani, da jami'ansu a gaba. Auta ya daɗe yana burin ya tsaya a kan dutsen nan ya ga ƙasarsa daga sama, kuma Allah Ya nufa ya tsaya ya gani kafin abin da aka rubuta ya same shi a hanyar saukowa.

Masu son zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar, da safe muna asibiti wajen gashi. Sannan ina neman alfarma ɗaya: duk wanda ya san amintaccen direba ko ɗan kasuwa da ke zuwa Nguroje ko Gembu, ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Hajiya ta haɗa barguna da atamfa da sabon rawani, jami'in da ya raka mu ya ce in kayan sun isa Nguroje shi zai hau da su ruga.